Katin Kakana da Hannun Hagu

Asabar ta biyu bayan Ƙaramar Sallah ce, a shekarar 1974, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma. Mu uku ne a tsakar gidanmu na Zongo, a birnin Lome: ni, da Gwaggo, yayar mahaifina, da taubashinta, wani tsoho mai ɗinkin babbar riga da muke kira Kawu. Na riƙe lokacin ne domin a shekarun nan ina karanta labarai da Hausa a gidan rediyo, kuma aikin ya saba mini da duba agogo kafin in zauna da kafin in tashi.

Gwaggo tana shirin tafiya Makka. Saura mako shida jirginsu ya tashi, ita kuwa ta ɗauki tafiyar irin ta mutanen da, masu yin sallama kamar ba za su dawo ba. Ta jawo akwatinta na ƙarfe tana ware kaya, wannan zane na wance, wannan tasa ta wance. Daga can ƙasa ta ciro wani ƙullin tsumma, ta ajiye kusa da kurfoti, inda garwashin shayin Kawu bai gama mutuwa ba.

"Wannan na wuta ne," in ji ta.

"Mu gani tukuna," Kawu ya ce. "Ko wasiƙun samarin da kika yaudara ne?"

"Kai da aka yaudara da tuwo, ina ruwanka da wasiƙa? Sha shayinka, bawana."

Duk da haka ta kwance. Kati ne da bai kai tafin hannu ba, na takarda mai kauri, gefensa ya yi ja saboda tsufa. A fuskarsa akwai hoto mai launi: wani mutum tsaye cikin shuɗiyar riga kusa da huhun goro, yana miƙa goro ga wani tsohon malami da ke zaune ya buɗe tafuna biyu. A bayansu itatuwan kwakwa da raƙumi. A ƙasa rubutun Jamusanci, a bayan katin kuma tallan cakulan da lamba mai nuna cewa shi ne na huɗu cikin shida.

Mutumin da ke tsaye kakana ne, mahaifin Gwaggo. Ban taɓa ganin fuskarsa ba sai ranar, amma goshin mahaifina ne sak.

Ga labarin yadda ta ba mu shi. Kakana ya rasu tana da shekara goma. Can daga baya, zamanin Faransa, tana amarya, wani kuku da ya yi aiki a jirgin ruwa ya dawo da wannan kati, ya nuna shi a ƙofar masallaci bayan Juma'a. Mutane suka gane fuskar, suka yi ta mamaki. Sai wani ya lura da hannun. Da hagu kakana yake miƙa wa malam goro. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa, daga ranar kuma aka fara ce wa gidanmu gidan bahago. Na taso ina jin wannan suna, na ɗauka suna ne kawai, kamar yadda ake cewa gidan mai kifi. Gwaggo ta je har gidan kukun ta yi ta roƙo sai da ya ba ta katin, ta ƙulle shi a tsumma. Shekara arba'in ba ta nuna wa kowa ba. Wani hoton mahaifinta kuwa babu shi a duniya.

"Ni ban taɓa ganin ya ba ko yaro abu da hagu ba," ta ce. "Amma ina ƙarama. Hoto kuma ai ba ya ƙarya. Ba zan mutu a hanya a buɗe akwatina a same shi ba."

Kawu ya karɓi katin, ya kai shi nesa da ido, ya dawo da shi kusa. Na lura ba hannun yake kallo ba.

"Wa ya ɗinka wannan riga?"

"Ina zan sani? Kai ne tsoho."

"Aljihunta a dama yake. Shekara hamsin ina riƙe da allura, na ga ɗinkin Kano, na ga na Bida, na ga na Kumasi, ban taɓa ganin wanda ya sa aljihu a dama ba. Askar adon ƙirjin ma baibai ta kwanta."

Gwaggo ta ce a hankali, "To ka gani. Har riga ya sa aka ɗinka masa irin ta bahagwai."

Maganar da na ɗauka za ta wanke shi, ita ta ƙara tabbatar mata da zarginta. A gidan rediyo an koya mana kada mu karanta labari sai ya fito daga majiya biyu, nan kuwa majiya ɗaya ce, kowa na karanta ta yadda ya ga dama. Na roƙe ta ta ba ni aron katin zuwa ranar tafiyarta.

"Ɗauka," ta ce. "Ranar da za a kai ni filin jirgi, ko ka zo mini da magana, ko ka zo mini da ashana."

Ban san komai game da yadda ake yin irin wannan kati ba. Abin da na sani shi ne katunan 'yan ƙwallo da ke cikin cingam ɗin da Gwaggo ke sayarwa a babbar kasuwa, waɗanda yara ke yage takarda su ciro tun kafin su bar gaban teburinta. Ban taɓa tambayar kaina wa ya yi su ba, ko a ina.

Na fara da ma'ajiyar takardun gwamnati. A lokacin ba a shiga wurin haka kawai. Sai da na kawo takarda daga wurin aiki, aka buga mata hatimi, aka ƙara mata sa hannun wakilin jam'iyya. Akawun da ya karɓe ni, da bajon hoton Shugaba a ƙirjinsa, ya tambaye ni sau biyu abin da ma'aikacin rediyo ke nema a takardun zamanin mulkin Jamus. Na ce tarihin iyali. Ya kawo mini ɗaurin takardu masu warin ƙasa, cike da rubutun hannu mai kama da ƙaya. Kwana uku na yi a kansu da ƙamus. Akwai maganar gadar jiragen ruwa, da hanyar dogo, da wurin da aka yanka wa Hausawa su zauna. Maganar kati babu ko layi ɗaya. Gwamnati ba ta ajiye labarin abin da ta ɗauka wasan yara ne.

Daga nan na tafi wani ɗakin karatu a Nyékonakpoè, inda wata Baturiya mai furfura ke kula da littattafai. Ita ta fara faɗa mini cewa abin da ke hannuna yana da dangi. Ta ce a ƙasarsu kamfanonin cakulan da na taba sun yi shekaru suna saka irin waɗannan katuna cikin kayansu, shida-shida ko fiye, mutane na tarawa suna liƙawa a littafi, kuma har yanzu akwai ƙungiyoyin tsofaffi da ke buga kundin da ya jera kowane rukuni da lambarsa. Ta ba ni adireshin ɗaya. Na rubuta musu a ranar, amma amsarsu ba ta iso ba sai bayan wata uku, kuma abin da ke cikinta sunan garin da aka buga katin ne kawai. Abin da ya yi mini amfani shi ne maganarta ta ƙarshe. Ta ce littafi zai gaya mini wanda ya sayar da katin, amma yadda aka yi shi sai mai buga takarda. Ta kwatanta mini gidan wani tsoho a Bè-Kpota da ya yi aiki a maɗaba'ar 'yan mishan tun yana saurayi.

Na same shi ranar Laraba da ƙarfe uku, zaune ƙarƙashin mangwaro. Baƙin tawada ya zauna a layukan yatsunsa, ko da yake ya bar aiki da daɗewa. Da yaren Mina muka yi magana, muna cikawa da Faransanci. Kafin ya taɓa katin sai da ya tashi ya wanke hannu da sabulu ya goge. Ya ɗauko wani ɗan gilashin ƙara girma mai ƙafa uku, ya ɗora a kan fuskar kakana, ya daɗe a sunkuye. Sannan ya matsa ya ce in duba.

Na sa ido. Kuncin kakana ya watse ya zama ɗigo-ɗigo, ja da rawaya da ruwan ƙasa, dubbai, wasu sun cunkushe inda inuwa take, wasu sun yi nesa da juna inda haske ya faɗa. Babu biyu masu girma ɗaya. Na ɗaga kai, fuska ta dawo. Na sake sunkuyawa, ta sake watsewa.

"Inji ne ya yi wannan?" na tambaya.

"Hannu ne. Mutum ne da alƙalami, ɗigo ɗaya bayan ɗaya, a kan dutse."

Ya bi katin da gilashin yana ƙirga launi a yatsunsa, ya tsaya a tara. Ya ce kowane launi da dutsensa, kowane dutse da zanensa, takarda kuma sai ta hau dutse tara, kowane karo ta sauka daidai inda ta sauka a baya, in ta goce da kaurin gashi aikin ya lalace. Na tuna yadda yara ke taka 'yan uwan wannan kati a ƙasan kasuwa.

Da na gaya masa abin da ya kawo ni, bai yi dariya ba, domin su ma ba a ba su abu da hagu. Ya shiga ɗaki ya turo wani dutse mai santsi, launin madarar da aka sa wa shayi, kauri kamar tubali biyu. Ya ce da maɗaba'ar ta daina aiki da duwatsu aka zubar da su, shi ya ɗauko wannan. Ya sa na ɗora hannuna na dama a kai, ya zagaye shi da wani baƙin alli mai maiƙo. Ya shafa ruwan ƙaro, irin wanda malamanmu ke sa wa tawada, ya bari ya sha iska. Ya jiƙa dutsen, ya bi shi da tawada. Tawadar ta ƙi ko'ina sai inda allin ya bi. Ya ɗora takarda, ya murza da gindin kwalba har gumi ya keto masa, ya ɗaga.

Zanen bai fito sosai ba, amma ya isa. Babban yatsa ya koma ɗaya gefen. Hannun hagu ne a kan takardar.

"Dutse yana juya duk abin da aka ba shi," ya ce. "Mai zanen da ya damu, sai ya ajiye hoton gaban madubi, ya kwaikwayi abin da ke cikin madubin. In babu rubutu a cikin hoton, da yawa ba sa wahalar da kansu. Ga yovo, wato Bature, hannu hannu ne."

Na nuna masa rubutun da ke ƙasan katin, wanda ya fito daidai. Ya ce wannan aikin wani ne dabam, mutumin da tun yana yaro aka koya masa rubutu daga baya zuwa gaba, ya ƙare rayuwarsa yana rubuta abin da ba ya karantuwa sai an buga.

Na miƙe da murna zan tafi, sai ya tsai da ni.

"Ban ce an juya kakanka ba. Na ce ana juyawa. Mai zanen nan bai taɓa zuwa Lome ba, daga hoto ya kwaikwaya. Nemo hoton."

Ya ba ni aron gilashin, ya kuma gaya mini cewa a zamanin Jamus masu ɗaukar hoto 'yan ƙasa ne suka fi yawo cikin gari, Turawa na sayen hotunansu suna aikawa gida. Ɗaya daga cikinsu ya bar 'ya a Kodjoviakopé, kuma ya ji ba ta zubar da kayan mahaifinta ba.

Gidanta yana dab da wayar iyakar Gana. Tsohuwa ce doguwa, ba ta da yawan magana, har lokacin tana ɗaukar ƙananan hotuna na katin shaida da katin jam'iyya a wani ɗaki ƙarƙashin bene. Ta kai ni ɗakin ajiya ta nuna mini akwatunan katako jere a bango. Cikin kowanne akwai gilasai a tsaye, kowanne a raminsa. A kan gilashi ake ɗaukar hoto a zamanin mahaifinta. Babu jeri, babu suna, babu shekara. Ta ce in duba da kaina, in riƙe ta gefe, in kuma na fasa ɗaya kada in dawo.

Yamma huɗu na yi a wurin, ina zuwa bayan labaran rana. Ina zaro gilashi in ɗaga shi a hasken ƙofa. Duk abin da yake baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi, mutane da fararen fuskoki da baƙaƙen haƙora. Iskar teku ta cinye da yawa, wasu rabin mutum ne ya rage. A cikin waɗanda suka tsira na ga gadar jiragen ruwa ana kan gina ta, na ga mata da tire a kai a wurin da yanzu banki yake, na ga Zongo na bukkokin ciyawa, da rairayi har bakin ƙofa. Garin da nake ba da labarinsa kullum a rediyo, ga shi tun yana jariri a cikin akwatin wata tsohuwa, ba wanda ya sani. Wani lokaci sai in ga na yi minti goma da gilashi ɗaya a hannu, na manta abin da nake nema.

Ranar Alhamis da ƙarfe biyar da minti goma na same shi. Huhun goron na fara ganewa, sannan malamin da tafunansa biyu. Babu kwakwa, babu raƙumi. Zana ce a bayansu, da akuya a ɗaure.

Na duba hannun, na ga dama ce. Na juya gilashin don in ƙara samun haske, sai ta koma hagu. Na sake juyawa, dama. Na kira tsohuwar na nuna mata.

Ta karɓa, ta karkata shi ga haske. "Gilashi yana da ciki da baya," ta ce. "Duba. Wannan gefen yana ƙyalli. Wannan ba ya yi, a nan maganin yake. Gefen maganin shi ke kwanciya a kan takarda. Wanda ya kwantar da ɗayan bai koyi aiki ba."

Ta shigar da ni ɗakin da take wanke hoto, ta ja ƙofa, ta kunna jar fitila. Ta kwantar da gilashin a kan farar takarda, ta ba shi haske tana ƙirgawa a ranta, ta zame takardar cikin tasa mai ruwan magani. Da farko babu komai. Sai wata inuwa ta taso kamar hayaƙi, ta zama rawani, ta zama kafaɗa. Idanu suka fito suna kallon gefe. Hannu ya miƙe da goro uku a ciki, ana iya ƙirga su. Hannun dama ne. Aljihun rigar yana hagu, inda kowane maɗinki ke sa shi.

Saura kwana biyar tafiyar Gwaggo na kai mata. Bayan la'asar ne, Kawu yana nan a wurinsa da allura. Na ajiye katin da hoton gefe da gefe a kan faifai, na faɗi abin da na gano a taƙaice, bi da bi, da wanda ya gaya mini kowace magana.

Gwaggo ta goge hannu a zane ta ɗauki hoton. Ta daɗe tana kallo.

"Raƙumin fa?"

"Babu raƙumi, Gwaggo. Mai zanen ne ya ƙara."

"Dama na yi mamaki. Mutumin da ko jaki bai taɓa mallaka ba." Ta kai yatsa kusa da akuyar, ba ta taɓa ba. "Wannan ta innarmu ce. Mai cin sabulu."

Kawu ya leƙo ta kafaɗarta. "Aska biyu, ɗinkin Bida. Na gaya miki ko ban gaya miki ba, baiwata?"

Ba ta rama ba, abin da ban taɓa gani ba tsakaninsu. Ta ce, ba da mu take ba, "Shekara arba'in ina yi masa addu'a, ina kuma jin haushinsa a cikin addu'ar. Allah ka yafe mini. Shi ma ya yafe mini."

Ta share fuska. Sai ta nuna katin da haɓa. "Wannan maƙaryacin kuma, kawo ashana."

Ban yi mata musu ba. Na ɗora gilashin tsohon a kan fuskar da ke katin, na ce ta duba sau ɗaya kafin a ƙona. Ta sunkuya, ta rufe ido ɗaya kamar mai zura zare a allura. Na ga kafaɗunta sun tsaya cik.

"Mene ne wannan kamar gero?"

Na gaya mata. Dutse tara, alƙalami, ɗigo ɗaya bayan ɗaya.

"Da hannu? Mutum ya zauna ya yi wa fuskar ubana wannan duka, bai san shi ba, bai san sunansa ba?"

"Haka tsohon ya ce."

Ta sake dubawa, ta bi goshin, ta bi gemun, ta gangara har kan rigar. Kawu ya karɓa shi ma ya duba, ya ce ko a ɗinkin hula bai taɓa ganin haƙuri irin wannan ba.

"Ya sha wahala, bawan Allah," Gwaggo ta ce daga ƙarshe. "Ba a dai koya masa dama da hagu ba a gidansu." Ta tura mini katin da bayan yatsa. "Riƙe. Amma duk wanda ka nuna wa, ka nuna masa ɗayan tare."

Hoton kuwa ta ba Kawu, ta ce ya kai shi ƙofar masallaci ranar Juma'a, wurin da aka nuna na farko. Ya kai. Cikin waɗanda suka ga katin a wancan karo, mutum uku ne suka rage da rai, ɗaya ma ba ya gani, sai da aka kwatanta masa.

Jirginsu ya tashi ranar Talata da safe. Ta dawo lafiya bayan kwana arba'in, ta ƙara shekara tara a duniya, hoton yana rataye a ɗakinta, da farko a tsohon Zongo, daga baya a sabon da aka mai da mu arewa da gari, bayan an rushe unguwar a 1977.